Ajin Asabar na tarihin Girkawa a Samaru: ra'ayin tsohon soja

Akwai wani aji da ake yi kowace Asabar a Samaru, a wata makarantar firamare mai zaman kanta da ke layukan bayan kasuwa, daga ƙarfe 10 na safe zuwa kiran sallar Azahar. Wani malamin tarihi ne da ya yi ritaya yake ɗaukarsa, kuma zangon da aka kammala kwanan nan a kan biranen Girkawa na dā ne: yadda suka yi mulki, wa suke kira ɗan gari, da yadda suke yaƙi. Kuɗin zango naira 8,000 ne, ɗalibi mai katin makaranta 5,000, takardun darasi kuma kuɗinsu daban. Ba su da allon talla a bakin titi, baki da baki labarin ke tafiya. Tun da abokai suna ta tambayata ko abin ya ci kuɗinsa, ga amsata a rubuce. Ya ci, har da ƙari. Amma akwai gyara, kuma zan faɗe shi.

Ni tsohon soja ne. A Dafo, nan Zariya, aka aske mini kai ina kurtu, na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, na ajiye kaki da muƙamin saje. Saboda haka kunnen da na saurari darasin da shi ba irin na yaran da ke shirin jarrabawa ba ne. Tun ina cikin aiki wata tambaya ke ci mini rai: masu cewa a tafi yaƙi daban, masu tafiya daban, to yaya gari zai kasance in mutum ɗaya ne ke yin duka biyun? Ashe an taɓa yin irin wannan gari, kuma a kansa Malam ya gina zangon gaba ɗaya. Wannan ne babban abin da nake yaba masa. A makarantu ana koyar da darasin gwamnati a gefe guda, tarihin yaƙe-yaƙe a wani gefen. Shi ya ƙi raba su.

Ranar farko ya share fage. Ya ce Girka ba ƙasa ɗaya ba ce a wancan zamani, birane ne wajen 1,000 warwatse a tsakanin duwatsu da tsibirai, har gaɓar Turkiyya ta yau da kudancin Italiya, kowanne da dokokinsa da rundunarsa, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Harshe ɗaya, amma faɗa a tsakaninsu ba ya ƙarewa. Ya kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa mutanen masu bautar gumaka ne, ba addini muka zo ɗauka wurinsu ba, yadda suka tsara zamansu muka zo gani. Na ji daɗin haka, don ya kashe gardamar tun ba ta tashi ba. Sannan ya koya mana ƙirgen shekarun: duk kafin haihuwar Annabi Isa ne, Alaihis Salam, kuma da baya-baya suke tafiya, 490 ta riga 480. Duk shekarar da na ambata a nan haka take.

Ranar garkuwa ita ce ba zan manta ba. Malam ya sa kafinta ya yanko masa katako mai zagaye, faɗinsa kusan santimita 90, aka ƙara masa nauyi har ya kai kilo 7, aka sa madauri biyu a ciki, ɗaya a tsakiya inda ake zura hannu har gwiwa, ɗaya a baki inda ake damƙewa. Ya ce haka garkuwar dakaren Girka take, sai dai tasu ana lulluɓe ta da tagulla. Ya fito da mu tsakar makarantar, ya jera samari kafaɗa da kafaɗa, mai katakon a tsakiya, sauran ya raba musu murafan manyan tukwanen biki da ya aro, da gora a madadin mashi. Wasu kuma ya tsai da su a gaba da dunƙulen takarda, ya ce su yi ta jifa. Sai ya juyo ya ce mini, "Baba Saje, a taimaka a ba su umarni, muryata ba ta fareti ba ce." Na daka musu tsawa, suka taka.

Kafin su kai tsakiyar filin sahun ya karkace zuwa dama, ba wanda ya ce su yi haka. Malam ya tsai da su ya tambayi wani yaro dalili. Yaron yana haki ya ce, "Wallahi Malam, damata ce a buɗe, shi ya sa nake laɓewa bayan murfin wannan." Malam ya ce, "Ka gama mini darasin yau." Garkuwa a hannun hagu take, rabinta kai take karewa, rabin kuma maƙwabcinka na hagu, kai kuwa gefen damarka yana hannun wanda ke damarka. Ya ce Tusididis, marubucin tarihi na zamaninsu, wanda shi kansa ya riƙe muƙamin janar, ya rubuta cewa haka rundunoninsu ke karkata dama in za a gwabza. Galibi sahu 8 suke yi, na gaba in ya faɗi na baya ya maye gurbinsa. Wanda ya yar da garkuwa ya arce ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙofar mutuwa, shi ya sa a Atina, ɗaya daga manyan biranensu, wanda aka kama da wannan laifi ba shi da bakin magana a taron gari.

Ni da na san abin da ake nufi in aka ce ranka na hannun na kusa da kai, jikina ya yi sanyi. Amma ba nan Malam ya dosa ba. Ya ce mu lura, ba hukuma ce ke raba wa waɗannan mutane kayan yaƙi ba. Manomi ne, da kuɗin gonarsa yake sayen garkuwa da kwalkwali da mashi mai tsawon fiye da mita 2, ya ƙulla guzurin kwana uku ya fita. To mutumin da ya sayi makaminsa da guminsa, ya tsaya a sahu ɗaya da attajirin gari, in an dawo gida da wane baki za ka ce masa ya yi shiru a kan maganar gari? Ya yi adalci ya ce masana suna gardama a kan wanne ya haifi wanne, sahun ne ya canza mulki ko mulkin ne ya kawo sahun, amma ba mai musun cewa tare suke tafiya. A Atina ma abin a doka yake. A 594 Solon, wanda aka ba aikin gyara dokokin gari, ya yafe basussuka, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi, ya kasa mutane gida huɗu bisa abin da gonarsu ke bayarwa a shekara: masu awo 500, masu 300 da ke iya riƙe doki, masu 200 wato masu shanun huɗa, waɗanda su ne galibin masu garkuwa, sai talakawan da ba su kai haka ba. Manyan muƙamai na na sama ne, talaka taron gari da kotu kawai yake da su.

Daga nan ya shiga maganar jiragen ruwa, kuma a nan na ga ƙwarewarsa. A 490 masu garkuwa ne suka karya Farisawa a Maraton, Atinawa wajen 10,000 da 'yan taimako daga ƙaramin garin Filatiya. A 483 aka dace da azurfa mai yawa a ramukan haƙar Loriyon, aka ce a raba, kowane ɗan gari ya samu darakma 10, kuɗinsu na lokacin. Wani jagoransu, Temistokilis, ya shawo kan taron aka zuba kuɗin a ƙera jiragen yaƙi. Malam ya tsaya ya tambaye mu, a cikinmu wa zai ɗaga hannu ya bar kuɗin da ake shirin damƙa masa yau? Ajin ya yi tsit. Bayan shekara uku waɗannan jirage ne suka tarwatsa rundunar ruwan Sarkin Farisa a mashigin Salamis, alhali an riga an kwashe mutanen Atina, abokan gaba sun shiga birnin sun cinna masa wuta.

Sai ya ɗauki alli ya yi lissafi a allo. Kowane jirgi mutum 200 yake ɗauka, 170 daga ciki matuƙa ne a hawa uku, kowa da filafilinsa. Hirodotus, marubucin tarihin wannan yaƙi, ya ce Atina ta kawo jirgi 180 Salamis. In ka ninka, mutum 36,000 ke nan. Ina za a samo su a cikin masu shanun huɗa? Dole sai talakan da ba shi da kuɗin garkuwa, wanda ba a neman komai gare shi sai ƙarfin damtse. Daga ranar da tsaron gari ya koma hannun irin waɗannan, muryarsu a taro ta yi nauyi. Ya tunatar da mu cewa tsarin ya riga jiragen: tun 508 Kilistinis ya karya ƙarfin tsofaffin dangogi, ya kasa 'yan gari zuwa sababbin ƙabilu 10, kowace ya gauraya mata mutanen birni da na bakin teku da na karkara, ya kafa majalisa mai mutum 500, wato 50 daga kowace. Jiragen ne suka sa talaka ya shiga wannan tsari da ƙafarsa biyu, har a zamanin Ferikilis, babban jagoran Atina, aka fara biyan masu zaman shari'a obol 2 a rana, don mai neman na yau ya iya ajiye sana'arsa ya zauna. Obol 6 ne darakma guda, darakma guda kuma ita ce ladan yinin magini gwani.

Yadda taron ke gudana ma ya warware mana shi. A kan wani tudu ake taruwa kusan sau 40 a shekara, wasu batutuwan sai mutum 6,000 sun halarta, mai shela ya miƙe ya tambaya wa ke son magana, a ƙarshe a ɗaga hannu. Majalisar 500 da yawancin muƙamai ba zaɓe ake yi ba, canki-canka ake yi a tsakanin waɗanda suka kai shekara 30, a yi shekara guda a sauka, kuma ba mai zaman majalisa fiye da sau biyu a rayuwarsa. Kullum ana canko mutum ɗaya ya riƙe hatimin gari da makullan baitulmali, kwana ɗaya tal. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Malam, wannan ai wasa da gari ne. In aka canko wawa fa?" Malam ya ce, "Alhaji, sun yi wannan tunanin." Duk wanda aka canko sai an tantance shi kafin ya kama aiki, in ya gama kuma sai ya kawo lissafin duk abin da ya bi ta hannunsa, ba shi da damar barin gari kafin a wanke shi. Inda ake neman gwaninta kuwa ba sa canke: janar-janar 10 zaɓensu ake yi kowace shekara, Ferikilis shekara 15 a jere ana maido shi. Ya kuma kawo tsingaro da ƙusa don mu ga yadda ake kankare sunan babban mutum a kore shi daga gari shekara 10 ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Temistokilis ɗin nan da ya ceci garin ma da tsingaro aka kore shi.

Da a nan ya tsaya, da na ce mai tallan Girkawa ne. Amma mako na gaba ya shigo ya ce kowa ya miƙe tsaye, mu kusan 40. Ya ce mata su zauna. Wata malamar sakandare da ke zama gaba ta ce, "Malam, tun ba a fara ba?" Ya ce, "Sai haƙuri Malama, a Atina ko sunan matar kirki ba a son a ambata a gaban kotu, balle ta yi magana a taro." Ya ce wanda bai kai shekara 18 ba ya zauna. Sannan ya karanto dokar Ferikilis ta 451, cewa ɗan gari sai wanda uwa da uba duk 'yan gari ne, ya ce duk wanda ba iyayensa biyu ne 'yan asalin Zazzau ba ya zauna. Nan ajin ya zube. Ni ma na zauna, don mahaifiyata daga ƙasar Katsina aka auro ta. 'Yan tsiraru suka rage suna kallon juna. Malam ya ce kuma bai cire bayi ba tukuna, waɗanda su ne ke cikin ramukan azurfar nan da aka ƙera jirage da ita. Masana suna kiyasta mutanen ƙasar Atina duka tsakanin 250,000 zuwa 300,000, masu bakin magana a cikinsu kuwa dubu 'yan gomomi ne kawai.

Wani saurayi daga Sabon Gari ya ɗaga hannu, muryarsa na rawa. Ya ce aikin reluwe ne ya kawo kakansa Zariya, shi da mahaifinsa duk nan aka yanke musu cibiya, amma in ana neman takardar shaidar asali sai a tura shi garin da bai taɓa kwana ba. Malam bai yi masa wa'azi ba, bai kuma ja maganar zuwa siyasa ba. Labarin Lisiyas ya ba shi. Mahaifinsa daga Sirakus ya zo ya zauna Atina shekara 30, gidansu na da masana'antar garkuwa da bayi 120. A 404 mutum 30 da suka ƙwace mulki bayan faɗuwar Atina a hannun abokiyar hamayyarta, birnin Sifarta, suka kashe ɗan'uwansa suka wawashe dukiyar. Lisiyas ya tsere, ya taimaki masu fafutukar maido da mulkin jama'a da kuɗi da garkuwoyi. Da suka yi nasara aka kawo shawarar a mai da irinsu 'yan gari, aka soke ta bisa hujjar ba ta bi ta majalisa ba, ya ƙare rayuwarsa baƙo. Baƙo a Atina yana biyan darakma 12 a shekara, mace 6, ba ya mallakar fili, ba ya ɗaga hannu a taro, amma in yaƙi ya tashi ana kiransa sahu. Wannan ya tsaya mini a maƙoshi. Ashe garkuwa tana buɗe bakin mutum ne kawai in jininsa ya riga ya ba shi izini.

Ranar Sifarta ajin ya fi kullum cika, don samari sun zo da abin da suka gani a fim. Malam ya bar su suka gama yabon jarumai 300 na Sarki Liyonidas da suka tare Farisawa a mashigin Tamofili a 480, sannan ya tambaye su wa ya san mutanen Tesfiya 700 da suka ƙi tafiya suka mutu tare da su a wurin. Ba ko ɗaya. Kowane ƙaramin soja ya san wannan ciwon, a yi aiki tare suna ya tafi ga wasu. Ya zayyana tsarin Sifarta: sarakuna biyu a lokaci guda, majalisar dattawa 28 da suka haura shekara 60, da masu sa ido 5 da ake zaɓa duk shekara, waɗanda ko sarki suna iya tuhuma. Yaro yana shekara 7 ake raba shi da gida a kai shi horo. Babba kuma dole ya riƙa cin abinci da rukuninsa, yana kawo kasonsa na sha'ir da cuku da ɓaure da giyar inabi duk wata, in ya kasa ya faɗo daga sahun 'yan gari.

Wa ke noma musu wannan sha'ir? Bayin gandu da ake kira hilot, Girkawa 'yan'uwansu da suka ci da yaƙi a Lakoniya da Mesiniya, waɗanda suka ninka su yawa. Duk shekara masu sa ido suna shelanta yaƙi a kan hilot, don kisansu kada ya zama laifi. Tusididis ya ba da labarin yadda aka ce hilot da suka yi bajinta a fagen fama su fito a 'yanta su, aka zaɓi wajen 2,000, aka yi musu ado suka zaga wuraren bauta suna murna, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai lissafi kuma. A yaƙin Filatiya na 479 cikakkun Sifartawa 5,000 suka fita. A Luktira a 371, 700 ne kacal a filin, Efaminondas na Tebis ya tara sahu 50 a hannun hagunsa ya afka wa inda sarkin Sifarta yake, 400 suka mutu har da sarkin, ba a jima ba Mesiniya ta kuɓuce. Filaye sun taru a hannun 'yan kaɗan, masu kasa biyan kason abinci suna ta faɗowa, su kuma sun ƙi buɗe ƙofa ga kowa. Rundunar da ba ta iya maye gurbin mutum 400 ta riga ta mutu tun kafin ta ja daga. Na so a ce kowane saurayi mai sha'awar kaki ya zauna wannan darasin.

Inda na saɓa da Malam shi ne maganar Argunusa. Yana son Atina, ana gani a fuskarsa, kuma ya so ya wuce wurin da sauri. A 406 Atinawa sun ci yaƙin ruwa a can, amma jiragensu 25 suka lalace, guguwa ta taso, ba a tsamo mutanen da ke cikin ruwa ba. Taron gari ya yanke wa janar 8 hukuncin kisa da ɗaga hannu guda, saɓanin dokarsu ta a saurari kowa shi kaɗai. Sokratis, shahararren masanin falsafa, wanda canke ya faɗo kansa yana cikin masu jagorantar zama, ya ƙi yarda, ba a saurare shi ba. Aka kashe 6 da suka dawo gida, har da ɗan Ferikilis. Malam ya kira wannan tuntuɓe. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ga tuntuɓe ba." Waɗanda ke zaune a taron iyaye ne da 'yan'uwan waɗanda ruwa ya ci. A matsayina na wanda ya yi aiki a ƙasan sahu, ina ganin daidai ne kwamanda ya tsaya ya amsa tambaya a kan mutanen da ya bari a baya, kuma garin da ke iya tilasta masa haka ya burge ni. Amma wannan ikon da wannan fushin daga tushe ɗaya suka fito, ba za ka ɗauki ɗaya ka ce ɗayan haɗari ne ba. Malam ya ajiye alli ya ce, "Baba Saje, ci gaba, wannan ɓangaren ka fi ni saninsa." Malamin da ke iya yin haka a gaban yara ya cancanci a biya shi.

Kuma shi da kansa ya kawo sauran shaidun. A 427 taron ya yanke a kashe duk mazan birnin Mitilini saboda sun yi wa Atina tawaye, washegari suka yi nadama suka tura jirgi na biyu ya bi na farko, matuƙa suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da giya, suna barci bi da bi, suka isa ana gab da zartarwa. Duk da haka an kashe wajen 1,000. A 416 mutanen tsibirin Melos ba su samu jirgi na biyu ba, aka kashe mazansu aka sayar da mata da yara. A 415 mutanen da su da kansu za su hau jiragen ne suka ɗaga hannu da murna a tafi cin Sisili, a 413 rundunar ta ƙare, wajen 7,000 aka tsare a ramukan fasa dutse. Da na zo ina zaton in masu tafiya ne ke yanke shawara za a rage yaƙi. Tarihin Atina bai goyi bayan wannan zato ba, kuma na gode da Malam bai shafa masa zuma ba.

Akwai abu ɗaya da suka yi wanda har yanzu ina juya shi a raina. Duk shekarar yaƙi gari ne ke binne matattunsa. Ana kawo ƙasusuwan a akwati 10, kowace ƙabila da nata, sannan a ɗauko makara guda ba kowa a kai, a shimfiɗe ta da kyau, saboda waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ana sassaƙa sunayen a dutse ƙabila-ƙabila, attajiri da matalauci a layi ɗaya. Akwai dutsen wata ƙabila guda da ya kawo zamaninmu, da sunaye sama da 170 na waɗanda suka mutu a shekara ɗaya, wasu a Masar, wasu a Kubrus, wasu a kusa da gida. 'Ya'yansu maza gari ne ke ciyar da su har su balaga, ranar da suka kai a fito da su gaban jama'a a ba kowa cikakken kayan yaƙi. Naƙasasshen da ba shi da hali kuma yana da obol 2 a rana. Ina da abokan da ba a dawo da gawarsu ba, na kuma san yadda unguwa ke saurin manta marayunsu da zarar an share makoki. Ranar ban iya tsayawa gaisawa da kowa ba bayan an tashi.

To ga gyaran. Darasi da Hausa ake yinsa, Hausa mai daɗi kuwa, amma takardun da Turanci suke, hoton hoto ne da ya dusashe, wasu shafukan ba sa karantuwa. Wanda ya zo saboda an ce masa da Hausa ne ya koma gida da abin da ba zai iya bita da shi ba. Ko shafi biyu Malam ya rubuta da Hausa kowane mako, da sunaye da shekaru, ya wadatar. Babban rashi a wurina shi ne taswira. Da alli yake zana Girka a allo, kowane mako kamanninta daban. Yaƙi ƙasa ce ke yanke rabinsa. Ba za ka gane dalilin da ya sa 'yan kaɗan suka tare dubbai a Tamofili ba, ko abin da ya sa yawan jiragen Farisa ya zame musu kaya a Salamis, sai ka ga ƙuncin wurin da idonka. Babbar taswira guda ba za ta gagari kuɗin da ake karɓa ba.

An kuma yi rowar lokaci a ƙarshe. Daga 404 zuwa 338, lokacin da Filibus na Makidoniya, mahaifin Iskandar, ya murƙushe Atina da Tebis a Keroniya da sojojin da yaƙi ne sana'arsu, duk a zama ɗaya aka dunƙule. Alhali nan ne tambayar da aka faro da ita take komawa: me ke faruwa in manomi mai garkuwa ya haɗu da soja mai albashi da ke atisaye rani da damina? An ce mana birane 1,000, amma biyu muka sani sosai. Korinti da Argos da Sirakus suna kawai muka ji. Sannan yaran da ke shirin jarrabawar shiga jami'a sukan katse magana mai daɗi da tambayar ko wannan zai fito. Ba laifinsu ba ne, amma ya kamata a ware musu rabin awa nasu a ƙarshe.

Ɗakin rufin kwano ne ba silin, fanka sai in an kawo wuta, daga ƙarfe 11 zafi ke fara dukan mutum. Bencinan na 'yan firamare ne. A ɗaya gefen, Malam ba ya makara, ba ya kuma ƙetare lokacin salla, akwai ruwan alwala da bayi mai tsabta, mata suna da layinsu kuma yana tabbatar da an ba su dama sun yi tambaya. Wani ɗalibinsa yana naɗar darasin a waya ya tura a zauren WhatsApp, sai dai in injinan niƙa na kasuwa suka tashi rabin maganar ba ta fita, saboda haka kada wanda ya yi fashi ya dogara da shi.

Malaman gwamnati da na tarihi a sakandare su ne na fi so su je, sai 'yan'uwana tsofaffin sojoji, sai duk wanda ke zaman kwamitin unguwa ko na masallaci. Mai neman amsar jarrabawa kurum zai ga kamar ana zagaye da shi. Malam ya ce zango na gaba a kan Rum ne, bayan Babbar Salla, kuma ya yi alkawarin taswira. Ba a rajista ta waya, sai an je ranar Asabar an biya a hannu an karɓi rasit. Daga Kwangila motar Samaru za a shiga a sauka kasuwa, a tambayi masu shagunan layin baya inda ake ajin tarihi. A je da wuri don a samu gefen taga, mai ciwon gwiwa kuma ya tafi da kujerarsa ta roba, ba a hanawa.